George McJunkin: Makiyayin da ya tsinci ƙasusuwan da suka sauya tarihin Amurka

A ƙarshen watan Agustan 1908 aka yi wata mummunar ambaliya a Folsom, wani ƙaramin gari da ke arewa maso gabashin New Mexico a ƙasar Amurka.

Da ruwa ya janye, sai wani mutum baƙar fata mai kula da wata gonar kiwo ya hau doki ya fita duba shingen wayar da ruwan ya lalata. A bakin wani kwazazzabo da ambaliyar ta ƙara zaftarewa, sai ya hango wasu fararen ƙasusuwa sun leƙo daga jikin gangaren, can ƙasa kusan zurfin mita 3.

Sunan mutumin George McJunkin. Cikin bauta aka haife shi, a wurin abokan kiwo ya koyi karatu, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa babu wani masani da ya tako ya ga abin da ya gano.

Amma a wannan kwazazzabo aka samu hujjar farko da masana suka amince da ita cewa ɗan Adam ya zauna a nahiyar Amurka tun ƙarshen zamanin ƙanƙara. A nan ne kuma aka fara samun ma'aunin da masu tsintar kawunan mashi na dutse ke gane shekarun abin da suka tsinta da shi har gobe.

Daga bauta zuwa kiwo

An haifi McJunkin a cikin shekarun 1850 a kusa da garin Midway na jihar Texas. Sunan McJunkin na ubangidan da ya mallaki iyayensa ne, domin a wancan zamani bawa kan tashi da sunan mai shi. Mahaifinsa maƙeri ne.

Yana yaro aka gama yaƙin basasar Amurka. A ranar 19 ga Yunin 1865 sojojin gwamnatin tarayya suka sanar a birnin Galveston cewa duk bayin Texas sun zama 'ya'ya.

Lokacin ya zo daidai da bunƙasar harkar shanu. Ana kora manyan garkuna daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa da ke arewa, tafiyar watanni a kan doki. Da yawa daga cikin makiyayan baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, ko da yake finafinan kaboyi ba su cika nuna su ba.

McJunkin ya bar maƙera ya bi shanu. Ya koyi hawa da jifa da igiya, ya iya Sifaniyanci, ya kuma yi suna wajen ladabtar da dokin da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba. Ya yi aiki a Texas da Colorado da New Mexico, ya kuma taɓa farautar ɓaunar Amurka, wadda Turawa ke kira bison, kafin mafarauta su kusa ƙarar da ita a shekarun 1870 da 1880.

Daga bisani ya zauna a kwarin kogin Dry Cimarron, inda ya zama shugaban makiyaya a gonar kiwo ta Crowfoot. Turawa da 'yan Meziko na aiki a ƙarƙashinsa, abin da ba kasafai ake gani ba a zamanin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta. Duk da girman da ake ba shi, da sunan wulaƙancin nan da ake laƙaba wa baƙar fata mutanen yankin ke kiransa.

Abin da ya fita da shi daban a cikin makiyaya shi ne son sani. Yana karanta littattafai, yana da madubin hangen nesa, yana kaɗa goge irin na Turawa. Duk inda ya ga wani baƙon dutse ko ƙashi ko kan kibiya na mutanen da, sai ya sauka daga doki ya ɗauka ya kai ɗakinsa.

Ruwan 1908

A daren 27 ga Agustan 1908 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsaunukan da ke saman garin Folsom. Kogin Dry Cimarron ya cika ya tumbatsa ya nufo gari.

Wata dattijuwa mai haɗa layin tarho, Sarah Rooke, ta samu labari ta waya. Maimakon ta gudu, sai ta zauna tana kiran gida-gida tana gargaɗin mutane su hau tudu, har ruwan ya tafi da ita. Aƙalla mutum 17 ne suka rasu, garin kuma bai sake komawa kamar da ba.

Bayan wannan ne McJunkin ya isa kwazazzabon da ake kira Wild Horse Arroyo, kimanin kilomita 13 yamma da garin.

Ƙashi a jeji ba baƙon abu ba ne ga makiyayi, kuma wani da ya wuce abinsa. Abu biyu suka tsayar da McJunkin. Na farko girma: mutumin da ya shekara arba'in yana feɗe shanu da ɓauna ya san waɗannan ƙirar ɓauna gare su, amma sun fi na duk wadda ya taɓa gani. Na biyu zurfi: kafin ƙasa mai yawan haka ta taru a kan mushe, sai an daɗe ƙwarai.

Idonsa bai yaudare shi ba. Ƙasusuwan na wata irin ɓauna ce da masana ke kira Bison antiquus, wadda ta fi ta yanzu jiki da tsawon ƙaho, kuma ta ɓace daga doron ƙasa kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Ya zaro wasu ya kai gida, ya bar sauran a inda suke. Daga nan ya shiga ba mutane labari. Cikin waɗanda ya faɗa wa akwai wani maƙeri a garin Raton mai suna Carl Schwachheim, wanda shi ma mai sha'awar tara ƙasusuwa da duwatsu ne. Labarin ya kai kunnen wani ma'aikacin banki a garin, Fred Howarth.

Sun saurara, amma babu wanda ya je. Wurin da nisa ga mai tafiya a kan doki ko keken doki, kuma maganar ta makiyayi ce.

McJunkin ya rasu a watan Janairun 1922 a wani ɗaki a otal ɗin Folsom, aka binne shi a maƙabartar garin. Sai a watan Disamban shekarar Schwachheim da Howarth suka shiga mota suka je kwazazzabon, suka cika buhu da ƙashi suka dawo.

Gardamar masana

Shekara 3 ƙasusuwan suka ƙara yi a Raton. A farkon 1926 aka kai su gidan tarihin halittu na jihar Colorado da ke Denver, inda shugaban gidan, Jesse Figgins, da masanin ƙasusuwan dabbobin da, Harold Cook, suka gane cewa na ɓaunar da ta ƙare ce.

Figgins ya tura a yi haƙa a bazarar shekarar, Schwachheim na cikin ma'aikatan. Burinsa na farko shi ne ya samu cikakken ƙwarangwal da zai kafa a gidan tarihi. A ranar 14 ga Yulin 1926 sai ga wani guntun kan mashi na dutse ya fito daga cikin ƙasar da ake turewa.

A nan rigima take. A wancan lokaci manyan masana na cibiyar Smithsonian da ke Washington, musamman Aleš Hrdlička da William Henry Holmes, sun tsaya a kan cewa zuwan mutane Amurka bai wuce 'yan shekaru dubbai kaɗan ba. Duk wanda ya zo da da'awar da ta wuce haka, sai su yi mata kaca-kaca.

Suna da dalilinsu. An sha kawo musu ƙashin mutum ko makami a ce an same shi tare da dabbar zamanin ƙanƙara, in an bincika sai a ga kabari ne aka haƙa daga sama, ko ruwa ne ya cuɗa tsohon abu da sabo, ko kuma ramin ɓera ne abin ya bi ya gangara.

Shi kansa Figgins ya taɓa ƙonewa. A 1924 ma'aikatansa sun samu kawunan mashi tare da ƙashin tsohuwar ɓauna a Lone Wolf Creek da ke Texas, amma da yake an riga an ciro su kafin wani ya gani, masana suka ƙi karɓa.

Da ya kai na Folsom Washington a farkon 1927, shawara ɗaya ya samo: in an sake ganin wani, kada a taɓa shi, a kira masana su gani da idonsu.

Ranar da aka bar dutse a mazauninsa

A ranar 29 ga Agustan 1927 Schwachheim na share ƙasa sai ya ci karo da wani kan mashi kwance a tsakanin haƙarƙari biyu na ɓauna. Ya janye hannunsa, ya aika wa Figgins. Figgins ya buga wa manyan cibiyoyin bincike waya, aka sa gadin wurin.

Cikin 'yan kwanaki mutum uku suka iso: Barnum Brown daga gidan tarihin halittu na New York, da Frank Roberts daga Smithsonian, da Alfred Kidder, ɗaya daga cikin manyan masu haƙar kayan tarihi na lokacin. Suka duƙa suka duba. Ƙasar da ta riƙe ƙashin ita ce ta riƙe dutsen, babu alamar rami ko kabari ko zaizaya a samansu.

Dukkansu suka gamsu. Tunda mashin da ɓaunar lokaci ɗaya ƙasa ta rufe su, to wanda ya jefa mashin ya yi zamani da ɓaunar.

An yanko wannan ɓangaren ƙasar ɗungurungum, da haƙarƙarin da dutsen, aka kai Denver, inda yake har yanzu.

Brown ya faɗaɗa haƙar a 1928. Ya lura cewa yawancin ƙwarangwal ɗin ba su da ƙashin wutsiya. Duk wanda ya taɓa fiɗa ya san wutsiya fata take bi, ke nan mafarautan sun feɗe dabbobin sun tafi da fatun.

Aka sa wa irin wannan kan mashi sunan garin, Folsom. Shi kuma garin an raɗa masa sunan Frances Folsom ne, matar Shugaba Grover Cleveland.

Yadda ake gane kan mashin Folsom

Yawancinsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Siriri ne, mai kama da ganye, an sassaƙa shi da dutse mai santsi dangin na ƙyastu.

Babbar alamarsa ita ce wani dogon kwarmi mai faɗi a kowace fuska, wanda ya taso daga gindi ya kusa kaiwa tsini. Da ɓantara ɗaya ake cire shi. Aiki ne mai hatsari, domin masu gwada sassaƙa irinsa a yau sun ga yadda dutsen kan karye a daidai wannan mataki bayan an gama shan wahalarsa.

Gindinsa ya lotsa ciki, ya bar 'yan kunnuwa biyu a gefe. An gyara bakinsa da ƙananan ɓantarori a jere, ta hanyar danna shi da ƙaho ko ƙashi. Gefen da ke kusa da gindi kuwa an goge kaifinsa, don kada ya yanke jijiyar da aka ɗaure shi da ita a jikin sanda. Masu tsinta kan shafa yatsa a wurin su ji ko ya dakushe.

Mutane kan kira duk irin waɗannan duwatsu kan kibiya, amma na Folsom na mashi ne. A yawancin sassan Amurka ta Arewa kwari da baka bai yaɗu ba sai cikin shekara 2,000 da suka wuce.

Da labarin Folsom ya bazu, sai masu tsinta suka koma kan abin da suka daɗe da ajiyewa. Wasu 'yan gidan Coffin a Colorado sun tsinci irinsa tun 1924 ba su san mene ne ba. Wurin da suka same shi, Lindenmeier, ya zama sansanin mutanen Folsom da Roberts ya haƙa daga 1934 zuwa 1940.

A 1929 kuma wani matashi, Ridgely Whiteman, ya rubuta wa Smithsonian cewa ya ga kawunan mashi da manyan ƙasusuwa a Blackwater Draw, kusa da garin Clovis. Nan aka samu wani nau'in da ya fi na Folsom tsawo da kauri, kwarminsa bai cika wuce rabin jikinsa ba, tare da ƙashin wata irin giwa ta zamanin da mai suna mamot. Shi ne ake kira Clovis.

Yadda ake sanin shekarunsa

Shi dutsen kansa ya yi miliyoyin shekaru a duniya, kuma babu abin da ke jikinsa da zai nuna ranar da mutum ya sassaƙa shi. Daga abin da ke kewaye da shi ake sanin shekarunsa.

Hanya ta farko ita ce ta Folsom, wato a same shi tare da ƙashin dabbar da aka san ta daɗe da ƙarewa.

Ta biyu ita ce shimfiɗar ƙasa. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, na ƙasa ya riga na sama. A Blackwater Draw an samu Clovis a ƙarƙashin Folsom, shi ya tabbatar da cewa Clovis ne babba. A yau ana lissafa Clovis a kan kimanin shekara 13,000.

Ta uku ita ce gwajin kabon, wanda Willard Libby na Jami'ar Chicago ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ci kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk abu mai rai yana tara wani sinadari mai suna kabon-14. Da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage a ƙashi ko gawayi, sai a san lokacin mutuwar. Dutse bai taɓa rai ba, saboda haka gwajin ba ya aiki a kansa.

Shi ma wannan gwaji bai wadatar ba in ba a san inda aka ɗauko abin ba. Gawayin farko da aka kai wa Libby daga yankin Folsom ya nuna shekara 4,000 da 'yan kai, abin da ya ɗaure wa kowa kai. Daga baya aka gane ba daga cikin ƙasusuwan aka ɗebo shi ba, daga wata shimfiɗa ce ta baya-bayan nan.

Daga 1997 zuwa 1999 David Meltzer na Jami'ar Southern Methodist ya sake haƙa wurin. Gwajin da aka yi wa ƙashin ɓaunar kansa ya nuna an kashe su fiye da shekara 12,000 da suka wuce. Sun kai 32, yawancinsu mata da 'yan maruƙa, kuma haƙoran maruƙan sun nuna da kaka aka yi farautar. Wasu daga cikin duwatsun an ɗebo su ne daga Alibates da ke Texas, tafiyar fiye da kilomita 200.

To, wanda ya tsinci kan mashi a gona ko a bakin rafi fa? Shi aron shekaru yake yi. Zai kwatanta siffar nasa da irin waɗanda aka haƙo a wuraren da aka tantance, in ya yi daidai da Folsom sai a ce zamaninsu ɗaya.

Aron yana da iyaka. Mafarauci kan sake wasa mashin da ya karye har siffarsa ta sauya. Akwai kuma gwanayen sassaƙa na zamani da ke yin jabu su sayar. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka kwashe ƙasar sama a gabashin Colorado, masu tsinta sun tara kawunan mashi masu yawa, aka cure su a ƙarƙashin suna ɗaya, Yuma. Sai da aka riƙa samun kowane iri a mazauninsa sannan aka gane nau'o'i ne daban-daban na zamani daban-daban, aka yi watsi da sunan.

Shi ya sa masana a Amurka ke roƙon masu wannan sha'awa su ɗauki hoton abu a inda yake kwance, su adana lambar wurin a wayarsu, su sanar da gidan tarihi, kada kuma su yi haƙa. Wata doka ta 1979 ta haramta haƙar kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba tare da izini ba. Kan mashin da aka zare aka jefa a aljihu yana nan da kyansa, amma shedar da ke tare da shi ta tafi ke nan.

Sunan da aka tsallake

A rahoton da Figgins ya wallafa a 1927, Howarth da Schwachheim aka ambata a matsayin waɗanda suka jawo hankali ga wurin. Babu sunan McJunkin. Haka littattafai suka yi ta kwafa har kusan shekara 40, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1961 gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

A bakin tsofaffin Folsom ne kawai labarinsa ya rage. A shekarun 1960 wani masani, George Agogino, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har ya tabbatar da wanda ya fara ganin ƙasusuwan. A 1973 marubuci Franklin Folsom ya fitar da littafi a kan rayuwarsa. A 2019 gidan tarihin makiyaya na ƙasa da ke birnin Oklahoma ya sa sunansa a jerin manyan mutanen yammacin Amurka.

Bincike bai tsaya a Folsom ba. A 2021 masana sun sanar da samun sawun ƙafar mutane a White Sands, a jihar New Mexico ɗin dai, da aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin 21,000 zuwa 23,000. Ƙa'idar da aka bi wajen tantance su ita ce wadda aka kafa a kwazazzabon McJunkin: a ga abu a mazauninsa, a auna abin da ke tare da shi.

McJunkin bai ga kan mashin da ke tsakanin haƙarƙarin nan ba, domin ya rasu shekara 5 kafin a tono shi. Abin da ya gani ƙashi ne da ya fi ƙarfin na saniya, a zurfin da bai kamata a ga ƙashi ba, kuma ya shekara 13 yana faɗa wa duk wanda zai saurara. Kabarinsa na nan a maƙabartar Folsom, 'yan kilomitoci daga kwazazzabon.